Matakan yin rajistar JAMB

Fara da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Duba sunanka da ranar haihuwa, su dace da na takardar WAEC ko NECO, domin abin da ke NIN shi JAMB ke kwafa.

Da layin wayarka na kanka, rubuta kalmar NIN a saƙon tes, bar tazara, sa lambobin NIN ɗinka 11, ka tura zuwa 55019 ko 66019. Za a aiko maka da lambar sirri. Da ita za ka sayi e-PIN, wato lambar shaidar biyan kuɗin rajista, sannan ka nufi cibiyar CBT (wurin jarrabawa ta kwamfuta) da hukumar JAMB ta amince da ita, ka zaɓi makarantu da darussa huɗu, Turanci dole.

’Yan mata, don Allah a dakata da ƙunshi. Lalle na rufe zanen yatsu, na'ura ta ƙi karantawa.

Kada layin nan ya ɓata, ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa.