Yadda ake shan maganin kumburi ba tare da an illata ciki da ƙoda ba

Idan gwiwa ta bugu ko haƙori ya ruɓe, wani sinadari a jiki mai suna fosfolifes A2 ne ke fara motsawa. Yana ɓanto wani maiƙo daga bangon ƙwayar halitta, sai sinadaran COX-1 da COX-2 su mayar da shi furostagilandin. Wannan ne ke buɗe jijiyoyin jini har wurin ya yi ja, ya kumbura, ya kama zogi. Ibufurofen, diklofenak da asfirin duk COX suke toshewa, abin da masanin magunguna ɗan Birtaniya John Vane ya gano game da asfirin a 1971.

Sai dai COX-1 na da wani aiki na kullum. Shi ke sa ciki ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga asid, yana kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda. Maganin ba ya tantancewa, COX-1 da COX-2 duka yake toshewa.

Saboda haka iri ɗaya za a sha. Ɗan dako a kasuwar Sabon Gari da ya karɓi haɗin kemis mai diklofenak da ibufurofen tare, ƙofa ɗaya ya toshe sau biyu: sauƙin bai ƙaru sosai ba, haɗarin gyambon ciki ne ya hau. Babba yana shan ibufurofen miligiram 200 zuwa 400 duk awa shida zuwa takwas, bayan abinci, kada ya wuce 1,200 a rana sai da umarnin likita. A zafin bazara, ko mai azumi da ya wuni ba ruwa, a fara shan ruwa sosai, domin ƙodar da jini ya yi wa ƙaranci ita ce maganin ke kayarwa.

Mai asma ya kula ƙwarai. Idan aka toshe COX, maiƙon nan yana karkata zuwa wata hanya da ke samar da lukotirin, mai matse hanyar numfashi, wasu nan take ƙirji ke ɗaure musu. Mai juna biyu daga mako 20, mai olsa da mai ciwon ƙoda su tsaya ga farasitamol, kada babba ya haura giram 4 a rana. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin.

Idan bahaya ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aka ga jini a amai, a ajiye maganin a nufi asibiti a ranar, ko na unguwa ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.