Babi na 7: Idan inji ya fara misin bayan an yi masa ƙari

Mota tana lafiya lau, sai mai ita ya so ta ƙara gudu, ko ta riƙa ruri a titi, ko ta rage shan mai. Aka cire akwatin matatar iska aka sa buɗaɗɗiya. Aka yanke salansa aka fitar da indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Aka sa wasu filogi da mai shago ya ce sun fi wuta. Wani kuma gas aka haɗa masa, kamar yadda mutane da yawa suka yi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ba a daɗe ba sai ga motar tana rawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, tana fizga in an taka totur, salansa na tari. Wannan shi kanikawa ke kira misin: silinda ɗaya ko fiye ba ta ƙona man da aka ba ta a kan lokaci.

Silinda na buƙatar abu huɗu kafin ta tashi: iska, mai, wuta da matsi. Kuma da awo. Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. Ƙwaƙwalwar mota, wadda ake ce wa burenbos, da kayan kamfani aka koya mata wannan lissafi. Duk wanda ya canza ɗaya daga cikin kayan ya taɓa lissafin, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka motar da ta fara misin bayan an yi mata aiki, daga wurin da aka taɓa ake fara nema. Abin da ke ɓata wa mai mota kuɗi shi ne saye kafin gwaji: yau filogi, gobe kwayil mai ba filogi wuta, jibi famfon mai, motar na nan jiya i yau.

Tambaya kafin sifana

Kafin ka buɗe bonet, zauna da mai motar. “Alhaji, mi anka taɓa ga motag ga? Yaushe? Tsoffin kayan suna ina?” Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin mayar da tsohon abu wurinsa shi ne gwaji mafi arha da ke akwai. Ka kuma tambaye shi lokacin da misin ɗin ke zuwa. In da sanyin safiya ne kawai, ya ɓace idan inji ya ɗumama, wannan daban. In a silo ne, ya ɓace idan an ba ta wuta, ka fi zargin iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuwa sai an ɗauki kaya ko an hau tudu take fizga, wuta ce ba ta isa, ko mai.

Dubi fitilar gargaɗi mai hoton inji. Idan tana kunne a tsaye, akwai lokacin bincike. Idan tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa, kuma zai iya narka indomi in yana nan. A ajiye motar, kada a yi tafiya da ita.

Silinda ɗaya ce ko duka?

Wannan tambaya ita ke raba aikin gida biyu. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, haka ma yawancin na Turai da suka biyo baya. Nan ake jona na'urar duba mota. P0301 na nufin silinda ta 1 ke misin, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. P0300 na nufin misin ɗin yawo yake yi, ba silinda ɗaya ya kama ba. P0171 na cewa iska ta yi wa mai yawa, P0172 kuma mai ne ya yi yawa. Rubuta lambobin a takarda kafin ka goge su.

In babu na'ura, bar injin a silo ka cire soket ɗin nozul, wato abin da ke fesa wa silinda mai, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cire injin ya ƙara rawa, silindarsa na aiki. Wanda ka cire ba abin da ya canza, can matsalar take. Soket ɗin nozul muka ce, ba na kwayil ba. In ka cire na kwayil, mai zai ci gaba da zuba ba wutar da za ta ƙona shi. A injin mai silinda huɗu a jere, ta 1 ita ce ta gefen bel.

Idan silinda ɗaya ce, yi musaya. A ce ta 2 ce. Kashe inji, ɗauke kwayil ɗin ta 2 ka kai ta 3, na 3 ya dawo ta 2. Tayar. In lambar ta koma P0303, kwayil ne. In ta tsaya a ta 2, yi wa filogi irin wannan musayar, sannan nozul. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya musanya biyu tare ba zai san wanne ya tafi da ciwon ba. In an musanya duka ukun ciwon bai motsa ba, saura waya da matsi.

Abin da filogi ke faɗa

Cire su inji na sanyi, ka jera su a kan kwali bisa tsarin silinda, kada su cakuɗe. Ɗauki ɗaya ka kai shi haske. Bakin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe, lafiya ce. Baƙi mai laushi kamar kunkunniyar tukunya, wanda ke gogewa a yatsa, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Fari fat, ko mai ƙuraje a jikin farar tangaran, zafi ya yi yawa, mai ya yi kaɗan, kuma wannan shi ya fi haɗari domin yana iya huda fistin. Juya shi ka dubi tangaran ta waje. Siririn baƙin layi mai kama da zanen fensir alama ce wuta na tserewa ta gefe ba ta kai baki ba. Irin wannan filogi a canza shi tare da robar kwayil ɗinsa, domin layin ya riga ya kwanta a cikin robar.

Filogin da aka saya don ƙarin wuta yakan kawo misin ta hanya uku. Ta farko tsawon zare: gajere yana maƙalewa cikin rami wutarsa ba ta kai ga mai sosai, dogo kuma yana iya taɓa fistin. Ɗora sabon kusa da tsohon ka gwada tsawonsu. Ta biyu lambar zafi. A filogin NGK da Denso, babbar lamba na nufin filogi mai sanyi, a na Bosch kuwa akasin haka ne. Filogi mai sanyi a motar da ke yawon cikin gari, daga Mabera zuwa kasuwa a dawo, ba ya yin zafin da zai ƙone dattin bakinsa, sai ya toshe. Ta uku tazarar baki. Yawancin ƙananan Toyota da Honda masu nozul suna son milimita 1.0 zuwa 1.1. Auna da ma'aunin tazara, ba da ido ba. In tazarar ta yi faɗi, motar za ta yi daidai a silo, amma da an taka totur matsi ya ƙaru sai wuta ta kasa tsallakawa. Filogin iridiyom bakinsa siriri ne kamar allura, kada a danna shi da ƙarfe. Akwai kuma na jabu a kasuwa cikin kwali mai kyau, wanda bakinsa ke cinyewa cikin 'yan makonni.

Wajen ɗaurawa, fara da hannu har ya zauna, sannan sabon filogi mai wasa a ƙara masa kamar rabin juyi da sifana. Kada ka riƙe kwayil ko wayar filogi inji na aiki. Wutar da ke ciki ta haura bolt 20,000.

Iskar da ba a ƙirga ba

Idan misin ɗin na yawo ne, koma kan abin da duk silindodi suka yi tarayya a kansa, kuma iska ce kan gaba. Tsakanin matata da inji akwai sensar da ke auna iska, wadda kanikawa ke kira eyafulo. Duk iskar da ta shiga ta bayanta, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, ba za ta ba ta mai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kilif ɗin da ba a ɗaure ba, tiyon da ya tsage a lanƙwasa, ko ƙaramin tiyon da aka manta ba a mayar ba lokacin da aka cire akwatin matata. Ɗauki guntun tiyo mai tsawon kamu uku, sa baki ɗaya a kunne, ka bi mahaɗai da ɗayan inji na silo. Inda iska ke shiga za ka ji huci kamar na maciji. Ka kula da fanka da bel, ka naɗe hannun riga.

Na'ura na tabbatar da wannan. Nemi layin da aka rubuta LTFT. Lambar da ke gabansa ita ce gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai. Tsakanin -10 da +10 ba laifi. In ta kai +20 a silo, ta sauko idan an ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, iska ce ke sata. In a silo daidai take amma tana hawa idan an ba ta wuta, mai ne ba ya isa ko eyafulo ta yi datti.

Buɗaɗɗiyar matata ba ta dace da Sakkwato ba, wannan shi ne ra'ayinmu. A watannin hazo ƙura ta fi ƙarfin mai arha daga cikinsu, tana wucewa ta kwanta a kan siririyar wayar eyafulo, saura ta shiga ta ci ringi. Wadda ake shafa wa mai kuma, man ne ke bin iska ya manne a wayar. A watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, ita kuwa iskar cikin bonet take zuƙa, wadda ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ƙarfi na raguwa, wani lokaci har a ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani. Akwatin kamfani daga waje yake jawo iska. A mayar da shi. Eyafulo kuma a fesa mata ruwan wanke sensa a bar ta ta bushe, ba a taɓa wayar da tsumma ko sukudireba.

Salansa da ruwa

In an yi walda a salansa, duba ko akwai huji kafin sensar oksijin ta gaba. Hujin na jawo iska, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara, filogi su yi baƙi. Duba ko an mayar da soket ɗinta, ko zafin walda ya narka wayar. Ɓaraguzan indomin da aka farfasa kuma sukan tafi su toshe tukunyar baya, mota ta rasa numfashi a kan gudu.

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye al'ada ce a garejinmu saboda tsoron zafi. Amma injin da bai kai digiri 80 zuwa 90 ba, ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa mai sanyi, ta yi ta ƙara masa mai. Da asubahin hunturu nan da nan filogi ke toshewa.

Mai da gas

Yawancin motoci masu nozul na son matsin mai wajen 3 zuwa 3.5 a ma'aunin bar. Sa agogo ka gani a silo, ka kuma gani idan an taka totur. In allura ta faɗi, famfo ya gaji ko matatar mai ta toshe. Nozul ɗin da aka ɗauko daga wani inji, ko da ya shiga ramin daidai, ba lalle yawan feshinsa ya zo ɗaya ba. Gwada lambar jikinsa da ta tsohon. A mitar auna lantarki, irin waɗanda aka fi samu suna nuna om 12 zuwa 16. In an sha man bumburutu, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Duk wannan aiki a fili ake yinsa, nesa da wuta da sigari.

Motar gas gwajinta na farko mai sauƙi ne: mayar da ita kan fetur. In misin ya ɓace, kada ka yi saurin wanke filogi da kwayil daga zargi. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, kwayil mai rauni da ke wucewa a fetur yakan kasa a gas. Shi ya sa masu haɗawa da yawa ke rage tazarar filogi zuwa milimita 0.7 ko 0.8. Bayan haka sai matatar gas, tiyoyinsa, da saitin ƙwaƙwalwarsa. Tukunyar gas na CNG na ɗauke da matsin da ya kai 200 a ma'aunin bar. Wanda bai koyi aikin ba kada ya kwance ko noti ɗaya a layinta, a mayar wa waɗanda suka haɗa. Gas kuma busasshe ne, a wasu injuna yana cin mazaunin bawul a hankali har tazarar bawul ta rufe, misin ya fara da sanyin safiya.

Matsi

In wuta da mai da iska duk sun fita, auna matsi. Ɗumama inji, cire filogi duka, cire fis ɗin famfon mai da soket ɗin kwayil, a taka totur har ƙasa, a murza ki na daƙiƙa biyar a kowace silinda. Lafiyayyen ƙaramin inji yakan ba da 150 zuwa 190 a ma'aunin psi, kuma bambancin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. In duka huɗun sun yi ƙasa bayan an taɓa bel ko sarƙar taimin, duba alamomin taimin, haƙori ɗaya ya isa ya ɓata komai.

Bayan gyara, goge lambobin, ka fita da motar miƙaƙƙiyar hanya irin ta Boɗinga ko ta Dange, na'ura na jone, wani na riƙe da ita yana karanta maka. Sa babbar giya a ƙaramin gudu ka taka totur sosai, domin nan raunin wuta ke bayyana. Yi kamar kilomita 15, ka dawo ka bar ta ta kwana. Da safe ka tayar da ita da sanyinta, ka sake duba lambobi kafin ka kira mai ita. Tsoffin kayan da aka cire a sa masa su a but, a rubuta masa lambar filogin da aka ɗaura da tazararsa a takarda.