Kafin ka zargi sifika, buɗe ƙofar motarka

Karon farko da na canza sifikun motata da hannuna, kwana uku na yi ina jin haushin wanda ya sayar min. Na ɗaura sabbi masu inci 6.5, na kunna, murya na fita tar, amma ganga ta yi nisa kamar daga wani ɗaki ake kaɗa ta. Ashe laifina ne. A ƙofar dama na juya wayoyin, ta + ta hau gurbin −. Idan haka ta faru, yayin da fatar sifika ɗaya ke turo iska waje, ɗayar tana ja ciki, sai bes ɗinsu, wato sautin ƙasa mai kauri, ya cinye juna.

Gane wannan ba wuya. Karkatar da sautin duka zuwa gefe ɗaya a rediyon, sannan ka dawo da shi tsakiya. In bes ya fi kauri a gefe ɗaya fiye da tsakiya, akwai wayar da ta juya. Ko ka samu ƙaramin batir mai bolt 1.5 ka taɓa bakin sifikar da shi na ɗan lokaci: idan + ya haɗu da +, fatar za ta turo waje. Kada dai ka gwada wannan a kan twita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ba ta jure wasa.

Kafin ka taɓa kowace waya, cire kan batirin motar na −. Murfin ƙofa kuma da abin ɓamɓara na roba ake cire shi, sukudireba kan karce fenti ya karya maƙalai.

A nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke gaggawa. Ƙofar mota ita ce akwatin sifikarka, amma ba don kiɗa aka ƙera ta ba: siririn ƙarfe ne mai ramuka. Ƙwanƙwasa ta da yatsa ka ji yadda take amsawa kamar gwangwani. Sayi shimfiɗar roba mai gam da ake yi don kashe karkarwa, ka goge ƙarfen ya fita tas daga ƙura da maiƙo, ka manna ta daga cikin ƙofar a jikin bangon waje, musamman daidai bayan sifikar, ka danne ta sosai har iska ta fita. Ba sai ka rufe ko'ina ba. Sake ƙwanƙwasawa, in ka ji sautin ya mutu ya koma "dum", ya isa. Ka bar ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofar a buɗe, ta nan ruwan sama ke fita.

Sai zaman sifikar kanta. Dole bakinta ya manne da ƙarfe ba kafa, domin sautin bayanta in ya zagayo gaba yana kashe na gaban. Sa zobe idan ramin bai dace ba, ka zagaye shi da soso. Kuma kafin ka ƙarasa ɗaure sukurori, sauke gilashin har ƙasa. Na taɓa ɗaure komai na mayar da murfi, sai gilashi ya zo ya daki maganaɗisun, aiki ya dawo sabo.

Lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali kada ta ruɗe ka, wadda ke kusa da haruffan RMS, wato ƙarfin da ake samu a ɗore, ita ce ta gaskiya. Rediyon da ke cewa wat 50 sau 4 yawanci abin da yake bayarwa a ɗore bai wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace sifika ba. Yawancin sifikun mota om 4 ne (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar lantarki), ka tabbata naka sun dace da rediyo ko amfilifayar da za ta tura su.

Idan ka ƙara amfilifaya, sa fis a wayar wuta kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, don shi ne zai hana gobara in wayar ta goge. Wayar da ke zuwa jikin mota ta zama gajeriya, ka kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin ka ɗaure. Wayoyin sauti su bi gefe ɗaya na motar, ta wuta ta bi ɗayan. Wannan siririn kukan da ke tashi duk lokacin da ka taka totur, yawanci daga ɗayan biyun nan yake.

Wajen saiti, fara da mayar da komai sifili, ka kashe duk wani ƙarin bes. Kunna HPF, matatar da ke tare sautin ƙasa mai kauri, a kusan 80 Hz don sifikun ƙofa su huta da sautin da ya fi ƙarfinsu. In kana da wufa, wato babbar sifikar bes, sa LPF ɗinta, matatar da ke tare siririn sauti, a wajen 80 ita ma. Maɓallin Gain na amfilifaya ba na ƙara murya ba ne, ko da yake kowa haka yake murɗa shi. Mayar da shi ƙasa, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, sannan ka riƙa ɗaga shi a hankali har ka ji sauti ya fara tsagewa, sai ka ɗan dawo baya.

Ni na fi son sauti ya zo daga gabana, don haka nakan rage na baya. Twita ta zauna sama, tana fuskantar kunne, nesa da inda jakar iska ke fashewa. Da yake direba ya fi kusa da sifikar gefensa, sautinta kan riga isowa. Santimita 34 na bambanci daidai yake da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In rediyonka yana da saitin tazara, auna daga kanka zuwa kowace sifika da tef, ka shigar da lambobin. Sannan ka rufe ƙofofi, ka tayar da injin, ka sa waƙar da ka haddace. Muryar mawaƙin ya kamata ta tsaya a tsakiyar dashbod, ba a gwiwarka ba.