Yadda za ka shiga muhawarar ficewar Nijar daga ECOWAS ba tare da ka ɓata gaskiya ko zumunci ba

Tun ranar 28 ga Janairun 2024, da gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da Sediyawo, ƙurar zancen ba ta lafa ba a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutanen da wannan al'amari ya fi shafa, wato mazauna iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500 da ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa, su ne suka fi yi wa juna rauni a kansa. A zauren danginmu, inda akwai na Katsina akwai na Maraɗi, na ga dattijo ya fita daga zaure saboda wani yaro da bai kai sa'ar ɗansa ba ya kira shi karen Faransa. Muhawarar tana da amfani, kuma ya kamata a yi ta, amma tana da hanyar da ake bi idan ana so ta haifi ɗa mai ido.

Abu na farko shi ne ka san tambayar da kake amsawa, domin tambayoyi biyu ne ake cuɗawa. Ta ɗaya ita ce ko ya dace a fita. Ta biyu kuwa ita ce ko waɗanda suka fita da waɗanda aka bari sun tafiyar da rabuwar yadda talaka ba zai tagayyara ba. Mutum yana iya goyon bayan fita ɗari bisa ɗari, ya kuma ce gwamnati ta yi sakaci wajen shirya wa 'yan kasuwa hanya, kamar yadda wani yake iya ƙin fitar amma ya yaba wani mataki da aka ɗauka bayanta. Birtaniya ta sha wannan ruɗani: an jefa ƙuri'ar raba-gardama a ranar 23 ga Yunin 2016, ba ta fita daga Tarayyar Turai ba sai 31 ga Janairun 2020, kuma a tsakanin nan duk wanda ya soki yadda ake tattaunawa sai a ce yana so ya murɗe zaɓin jama'a ne. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka faɗa a jimlarka ta farko wacce daga cikin biyun kake magana a kai.

Sai kuma kwanakin wata, kuma a nan ne mafi yawan masu muhawara suke zamewa. An yi juyin mulkin da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu, a ranar 30 ga wata, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojoji wa'adin mako guda, daga bisani kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar take sha a lokacin. Ƙasashen uku sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a ranar 16 ga Satumban 2023. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya da Nijar suka buɗe iyakarsu a watan Maris na shekarar, amma ficewar ba ta tabbata a hukumance ba sai ranar 29 ga Janairun 2025. Idan ka riƙe waɗannan ranaku za ka ga cewa wahalar da aka sha a Illela da Kwanni da Jibiya da Maigatari a ƙarshen 2023, lokacin da manyan motoci suka yi jerin gwano albasa tana ruɓewa a cikinsu, wahalar takunkumi ce, kuma an sha ta ne Nijar tana cikin ƙungiyar. Wanda ya ɗora ta a kan ficewa ya yi kuskure, haka nan wanda yake magana kamar har yau takunkumin yana nan. Duk sa'ad da wani ya ce "ga abin da fita ta jawo", ka tambaye shi cikin ladabi a wane wata abin ya faru, domin sau da yawa amsar ita kaɗai take raba gardamar.

Bayan kwanan wata sai takarda. Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce ƙasar da take son fita ta ba da sanarwar shekara guda a rubuce, kuma ta ci gaba da cika alkawuranta a cikin wannan shekara. Gwamnatocin uku sun ce fitarsu ta nan take ce, suna kafa hujja da cewa ƙungiyar ce ta fara karya ƙa'idojinta da ta rufe wa ƙasashen da ba su da teku hanya, ita kuwa ECOWAS ta tsaya a kan wa'adin shekara. Wannan saɓani ne na shari'a da za a iya tattaunawa a kansa da hujja, kuma ba a kan Nijar aka fara fita ba, tunda Muritaniya ta fice a shekarar 2000, daga baya a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar.

Takardu biyu ne ya wajaba ka karanta da idonka kafin ka ce uffan a kan zirga-zirga. A watan Disamban 2024 ƙasashen AES sun sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama a cikinsu ba tare da biza ba. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma hukumar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su yi zirga-zirga, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin tsarin sassauta harajin kasuwanci, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. A da, 'yancin shiga ƙasar maƙwabta na kwana 90 ba biza hakki ne da yarjejeniyar 1979 ta kafa, yanzu kuwa ya koma alfarma da kowane ɓangare yake iya janyewa da sanarwa guda. Don haka mai cewa an rufe ƙofa bai faɗi daidai ba, mai cewa babu abin da ya sauya shi ma bai faɗi daidai ba. Tambayar da ta cancanci a matsa wa gwamnatocin Yamai da Abuja da ita ita ce ina aka kwana wajen mayar da wannan alfarma yarjejeniya mai ɗorewa, tunda AES da ECOWAS sun fara zama a Bamako a watan Mayun 2025.

Ka kuma kiyaye kada ka haɗa ECOWAS da UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, wadda babban bankinta yake Dakar. Fita daga ta farko ba ta fitar da Nijar daga ta biyu ba. Haka nan da aka sanar da harajin AES na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su a watan Maris na 2025, mutane da yawa sun yi ta yaɗa shi kamar sabon abu ne fil, alhali ita ma ECOWAS tana karɓar irin wannan rabin kashi a kan kayan da suka fito daga wajen yankinta domin tafiyar da ayyukanta. Abin dubawa shi ne kayan waɗanne ƙasashe harajin ya hau, waɗanne aka yafe wa, kuma wannan a cikin takardar dokar ake ganinsa.

Inda na fi so mai karatu ya yi taka-tsantsan shi ne maganar farashi, domin ita ce take taɓa tukunya, ita ce kuma aka fi yin ƙarya a kanta. Idan buhun wake ya tashi a Dawanau ko rago ya yi tsada a Maigatari, dalilai da dama ne suke iya haɗuwa. Najeriya ta cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ta kuma saki naira a watan Yuni, abin da ya sauya lissafin duk wanda yake canjin naira da sefa tun kafin juyin mulki. Gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na AES ba a watan Oktoban 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Waɗannan matakai ne da gwamnati ta zaɓa da kanta, kuma ana iya yabon su a ce sun sauƙaƙa wa mai saye a Yamai da Damagaram, ana iya sukar su a ce sun karya makiyayi da manomin da kasuwarsa take kudu, amma ba ficewa ce ta wajabta su ba. Haka zancen gadar Gaya da Malanbil: bayan an ɗage takunkumi Nijar ta bar iyakarta da Binin a rufe bisa dalilin tsaro, kaya suka koma bi ta tashar Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. A ɗaya gefen kuma, wanda yake ganin zama cikin ƙungiya shi ne maganin rufe iyaka ya tuna cewa Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, tana cikakkiyar mamba, hedikwatar ƙungiyar ma tana babban birninta. Idan za ka jingina tsada ga wani dalili, ka ambaci kayan, ka ambaci kasuwar, ka ambaci watan, sannan ka nuna ta wace hanya dalilin ya kai ga farashin.

Game da bidiyo da hotuna, ƙa'idar gajeriya ce. Ka duba lambar mota da kakin jami'ai da harshen da ke jikin alluna, ka lura ko damina ce ko rani, ka sa hoton a manhajar binciken hotuna ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara. Saƙon murya da ba a san mai shi ba, wanda ya fara da "wani babban jami'i ya shaida mini", kada ka tura shi gaba ko da ya yi daidai da ra'ayinka.

Shaidar da ta fi ƙarfi kuwa tana hannun waɗanda ba su cika rubutu a intanet ba. Ka kira direban da yake bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, ka tambaye shi shinge nawa ya tsaya a makon nan, wace takarda 'yan duwan suka nema a can, wacce kwastan suka nema a nan, nawa ya biya da rasit, nawa ya biya ba rasit. Wani ɗan'uwana mai wannan sana'a, da na tambaye shi, bai ce mini komai a kan 'yancin ƙasa ko dimokuraɗiyya ba, sai ya zaro wata jakar leda daga ƙarƙashin kujera, ya baje takardun mota da katin rigakafi da katin shaida a kan cinyarsa, yana nuna mini wadda ake karɓa da wadda ake juyawa ana tsaki. Irin wannan bayani, idan ka rubuta shi da ranarsa da wurinsa, ba tare da ka ambaci sunan mutumin ba, ya fi sharhi ɗari amfani. Sai dai ka ce abin da mutum ɗaya ya gani ne a hanya ɗaya, kada ka mayar da shi hukuncin iyaka gaba ɗaya.

Adalci yana buƙatar ka faɗi hujjar abokin gardamarka yadda shi kansa zai yarda cewa ka fahimce shi. Ɗan Nijar da ya kwana cikin duhu, ya nemi magani ya rasa, ya kuma ji ana shirin kawo wa ƙasarsa yaƙi a watan Agustan 2023, yana da dalilin da zai sa kirarin "zancen ƙasa ne" ya ratsa shi, kuma bai kamata a ce masa an yaudare shi ne kawai ba. Ya dace shi ma ya tuna cewa majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, kuma malamai da sarakunan Arewa sun yi ta kai-komo zuwa Yamai domin kashe wutar. Mai sukar ficewa shi ma yana da abin faɗa wanda ba a cika ambata ba, wato kotun ECOWAS da ke Abuja, inda talaka yake iya kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye. A wannan kotu ne Hadijatou Mani ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a 2008 saboda gazawarta wajen kare ta daga bauta. Wanda ya tambayi wace kotu ce za ta maye gurbin wannan, kuma ko za ta iya yanke hukuncin da bai yi wa masu mulki daɗi ba, tambayar ɗan ƙasa ya yi.

Idan ka zo rubuta naka, ka soki mataki ka ambaci hukumar da ta ɗauke shi, kada ka ce "'yan Nijar" ko "'yan Najeriya", domin manomin Tasawa bai sa hannu a takardar fita ba, ɗan kasuwar Kano ma ba shi ya yanke wuta ba. Ka raba abin da ka gani da abin da ka ji da abin da kake zato, kowanne ka kira shi da sunansa. Ka kuma san cewa nauyin magana ba ɗaya ba ne a ɓangarorin biyu na iyaka: a watan Yunin 2024 hukumomin Nijar sun maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da ake ganin zai ta da hankalin jama'a ta intanet, Najeriya ma tana da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka sha kama 'yan jarida da ita. Saboda haka idan ɗan'uwanka na Maraɗi ko Tawa ya yi shiru a zaure, kada ka matsa masa lallai sai ya bayyana matsayinsa, kada ka ɗauki hoton maganarsa ka kai wani wuri, kuma idan ya aiko maka da labarin abin da ya gani a kan hanya, ka goge sunansa da lambarsa kafin ka nuna wa kowa.