Yadda nake gane jitar B.B. King da amfilifayarsa a tsohon hoto

Aikina gyaran amfilifaya da lasifika, amma abin da ke cinye mini dare shi ne kallon tsofaffin hotunan B.B. King, marigayi makaɗin jita ɗan Amurka da ya shahara a salon kiɗan blues, ina ƙoƙarin gano kayan da yake kiɗa da su. Da na fara, sai in ga jita mai faɗin ƙugu a hannunsa in ce ai Lucille ce, shi ke nan. Kuskure ne, domin Lucille ba jita ɗaya ba ce. A 1949, a garin Twist na jihar Arkansas, maza biyu suka kaure da faɗa a gidan rawa, suka kifar da durom ɗin kananzir da ake jin ɗumi da shi, wuta ta kama. B.B. ya fita, ya tuna da jitarsa ta dala 30, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta. Da ya ji cewa a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya laƙaba wa jitar sunan, kuma duk wadda ya riƙe daga baya ta gaje shi. Saboda haka in aka ce maka "Lucille ce", tambaya ita ce wacce daga ciki.

Ka fara da shekara kafin ka kalli jitar. Kamfanin Gibson bai fitar da jitarsa samfurin ES-335 ba sai 1958, ES-345 da ES-355 suka biyo bayanta. To in hoton na farkon shekarun 1950 ne, ka cire su gaba ɗaya daga lissafi. A wancan lokaci za ka gan shi da jita mai kaurin ciki kamar ES-5, wadda ake ganewa da maɗaukan sauti (na'urorin da ke kai sautin tsirkiya zuwa amfilifaya) guda uku a jere ƙarƙashin tsirkiya, har ma akwai hotonsa da jitar kamfanin Fender mai siririn jiki.

In hoton daga shekarun 1960 ne zuwa sama, sai ka zuba wa wuyan jitar ido, don nan ne 'yan uwan uku suka rabu. ES-335 ta farko ɗigo-ɗigo ne a wuyanta, daga 1962 aka koma ƙananan murabba'ai. ES-345 kuwa adonta tsinke biyu ne a karkace, gefe da gefe, kamar an tsaga ɗaya gida biyu. ES-355, wadda ya fi daɗewa da ita, manyan murabba'ai ne farare a kan baƙin katako, ƙarafanta ruwan zinariya, a kanta kuma akwai zanen daimon tsagagge. Wannan zanen na kai shi ne shaidar da ba ta ƙarya, ko da hoton ya dushe. Sannan ka duba kusa da maɓallan daidaita murya da sauti guda huɗu. In ka ga wani mai tsini a kan faifai zagayayye da lamba 1 zuwa 6, shi ne Varitone, maɓallin sauya kalar sauti. Ganinsa yakan kore 335, amma ba ya raba 345 da 355, don dukansu ana yin su da shi. Nan na taɓa faɗawa: na yi musu da wani abokina har da rantsuwa cewa 355 ce, ya buɗe hoton ya nuna mini karkatattun tsinkayen wuyan, na kama bakina.

Mafi sauƙin ganewa ita ce wadda Gibson ta fara ƙera masa da sunansa a 1980. Ba ta da ramuka biyun nan masu lanƙwasa a fuska. Dalili kuwa, jita mai rami in an ƙure murya takan sa lasifika kuwwa, shi ya sa a da yake cusa tsumma a ramukan. An rubuta Lucille a kanta, yawanci baƙa ce, kuma inda tsirkiyoyi suka ƙare a ƙasa akwai 'yan ƙananan tayoyi shida na daidaita sauti.

Amfilifaya ta fi wuya, tunda tana bayansa, rabi a duhu, wani lokaci mai busa ƙaho ya tare ta. Wadda aka fi saninsa da ita a shekarunsa na baya ita ce Lab Series L5, mai wat 100 da lasifika biyu masu inci 12. Tiransista ce zalla, babu bawul (ƙwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a tsofaffin amfilifayoyi) ko ɗaya, abin da har yau yake ba masu cewa blues ba ya daɗi sai da bawul haushi. Sai a ƙarshen shekarun 1970 ta fito. Don haka wasan da ya yi a Kinshasa a 1974, ko wanda aka naɗa a gidan wasan Regal na Shikago a Nuwamban 1964, babu L5 a ciki, komai kamar da ka gani.

In ba ita ba, ka nemi Fender Twin Reverb, wadda ta fito a 1963. Faffaɗa ce, maɓallanta a jere a gaba daga sama, da ƙafafun ƙarfe biyu a gefe na jingina ta baya. Allon maɓallan baƙi ne har zuwa 1967, daga nan aka koma ruwan azurfa, wannan kaɗai ya isa ya taimaka maka ka sa wa hoto shekara. Kada ka rikita ta da Super Reverb, wadda ta fi ta tsayi kuma lasifika huɗu ne a cikinta. In hasken kyamara ya bugi ƙyallen gaba, za ka ga inuwar da'irorin, sai ka ƙirga.

Abu biyu nake taka-tsantsan da su. Mutumin da ke wasa sama da 200 a shekara ba kullum yake yawo da amfilifayarsa ba, sau da yawa ta haya ce masu shirya taro suka ajiye. Hoton bangon faifai kuma ba hujja ba ne kan abin da aka yi amfani da shi a situdiyo.

Kunne nake barin shi ƙarshe, don ya sha yaudarata. Girgizar nan da ke cikin sautinsa daga tsintsiyar hannunsa na hagu take fitowa, yatsa ɗaya a kan tsirkiya, hannun yana kaɗawa kamar fiffike, kuma haka take fita ta L5 ko ta Twin. Ni dai sai na tsayar da bidiyo a daidai inda ya juya wajen mai ganga, amfilifayar ta bayyana, sannan in rubuta suna a littafina.