Yadda za ka zaɓa tsakanin ɗakin shaya da wurin ajiya idan za ka gyara banɗaki

Banɗakin cikin ɗaki a gidajenmu da yawa bai wuce taku (wato ƙafa) 5 a taku 7 ba, wani 6 a 8. A wannan ɗan fili maigida ke son masai na zamani, da abin wanke hannu, da keɓaɓɓen ɗakin shaya mai gilashi irin wanda ya gani a otal. Uwargida kuma tana neman inda za ta sa sabulu da garin wanki da tawul da kayan gyaran jikinta. Duka ba za su shiga ba, dole wani ya haƙura. Na tsaya a kan gyaran nawa banɗakin da na 'yan'uwa da dama, kuma kusan duk wanda ya dawo yana cizon yatsa abu guda ya manta: bai lissafa duro da bokiti cikin kayan banɗaki ba.

Don haka fara da ruwa, tun kafin ka kira mai tayil. Ƙarfin shaya daga tsayin tanki yake zuwa, kuma tsayin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin gindin tanki da kan shayar, ba tsakanin tanki da ƙasa ba. Kan shaya yana kusan mita 2 daga daɓe. Idan tankinka na kan ƙarfe mai mita 3, mita 1 kacal ke tura ruwan, shi ya sa yake zubowa kamar tsiyayar indararo bayan ruwa ya ɗauke. Ɗauki bokitin fenti mai cin lita 20 ka tara a ƙarƙashin shayar da kake da ita yanzu. Idan ya haura minti 4 bai cika ba, ni dai ba na ba da shawarar a kashe kuɗin gilashi sai an ɗaga tankin ko an sa masa ɗan injin ƙara ƙarfi. Sannan ka ƙirga kwana nawa a mako tankin ke da ruwa. Gidan da sai an kawo wuta ake buga bohol, ko wanda 'yan ga-ruwa ke shigo wa da jarka mai lita 25, wankan bokiti zai ci gaba da yi ko da an kafa shaya ta zinare. A irin wannan gida babban wurin ajiya shi ne mazaunin duro, shi ake fara warewa.

Bayan ruwa sai awo. Kada ka yarda da zanen takarda kaɗai. Samo alli da tef ka shiga banɗakin ka zana komai a daɓe. Masu sayar da kaya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja za su nuna maka ɗakin shaya mai santimita 80 a 80, su ce ya isa. Ya isa mutum ya tsaya a miƙe. Amma shigo da bokiti da 'yar kujerar tsuguno cikin zanen nan, ka zauna, ka miƙa hannu kamar za ka cuɗa baya. A nan za ka gane cewa ƙasa da 90 a 120 takura ce, balle macen da za ta yi wa yara biyu wanka da safe kafin makaranta, ko dattijon da ba ya iya tsayuwa. Ka bar wa gaban masai aƙalla santimita 60, da wurin buta a hannun dama kusa da famfo. Ka buɗe ƙofa ka ga inda take kaiwa. Idan tana cinye kusurwa guda, a juya ta ta riƙa buɗewa waje, wannan kaɗai na iya samar maka da mazaunin duro.

Masai kuwa ka bar shi inda yake matuƙar ba dole ba. Bututunsa mai inci 4 ne, matsar da shi na nufin fasa daɓe har waje, kuɗin kuma yakan kai na tayil ɗin bango guda. Idan ya zama dole, ka tsaya da kanka a kan mai aikin famfo kada ya saita shi yana fuskantar alƙibla ko yana ba ta baya, don wasu ba sa kula.

Idan ka gama zanen, hukunci ya riga ya fito. Banɗakin da ya kai taku 6 a 8 ko fiye, kuma ruwa na zuwa kullum, a yi masa ɗakin shaya, kabad kuma ya koma ƙarƙashin abin wanke hannu. Wanda bai kai haka ba, a manta da ɗaki mai ƙofa. A ware ƙuryar banɗakin gaba ɗaya daga bango zuwa bango ta zama wurin wanka, a kare ta da gilashi falle ɗaya mai faɗin santimita 70 zuwa 80 wanda ba ya motsi, ko da labulen roba idan aljihu bai kai ba. Duro ya zauna a cikin wannan ƙurya, inda ko ya yi ambaliya ba abin da zai ɓata. Ni wannan tsarin nake so fiye da kowane, domin ba ƙarfen ƙofa da zai yi tsatsa, ba taya da za ta maƙale, kuma ɓangaren masai yana zama a bushe.

Sai maganar daɓe, kuma a nan ne na yi asara. Lokacin da na gyara nawa, na sa an kafa ɗakin gilashi ƙarami a kusurwa, na sa kafinta ya yi kyakkyawan kabad na katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Rariya ɗaya aka yi, a cikin ɗakin gilashin. Da hunturu ya shigo aka koma dafa ruwa ana sirkawa a bokiti, ɗakin ya yi wa bokiti da mutum kaɗan, sai wanka ya dawo tsakar banɗaki inda babu rariya kuma babu gangara. Ruwa ya riƙa kwanciya a gindin kabad. Kafin damina ta zagayo katakon ya kumbura ya fara marmashewa, fumfuna ta kama tawul, fentin bangon ɗakin kwana ta ɗaya gefen ya fara ɓarewa. Sai da aka sake fasa daɓen.

Abin da ya kamata a yi shi ne wannan. Rariya biyu, ɗaya a wurin wanka, ɗaya a busasshen ɓangare, kowacce da bututu mai inci 2 da tarkon ruwa mai hana wari da kyankyasai hawowa. Daɓen wurin wanka ya yi ƙasa da sauran da kamar santimita 2, ko a yi masa ɗan tudun tsallakawa. Gangara ta zama santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, tana tafiya zuwa rariya, kuma a fitar da ita tun a simintin ƙasa. Mai tayil ɗin da ya ce zai gyara gangara da kaurin simintin manna tayil, kada ka yarda. A shafe daɓen da maganin hana yoyo har ya hau bango, a wurin wanka ya kai tsayin kan shaya. Idan ya bushe a toshe rariya, a cika daɓen da ruwa ya kwana, a duba bangon baya da safe. A wurin wanka a sa ƙananan tayil marasa santsi, domin manyan nan masu 60 a 60 ba sa bin gangara sai an yayyanka su. Ranar da aka gama shimfiɗawa, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, sheƙa bokiti guda a kowace kusurwa ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Ma'aikaci zai ɓata rai, ka ba shi haƙuri, amma ka yi. Gyaran tayil uku a ranar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fasawa bayan shekara.

Wurin ajiya kuma a bango yake, kada komai ya taɓa ƙasa. Kabad ya rataya aƙalla santimita 25 sama da daɓe, a yi shi da alminiyon ko allon roba na PVC. Sama da tankin masai akwai fili da kowa ke bari a banza, kanta biyu za su zauna a nan. Idan bangon bulo mai inci 9 ne, birkila zai iya sassaƙa 'yar taga makauniya a wurin wanka, a bi ta da tayil, gindinta ya ɗan karkato waje don ruwa ya zube, soso da sabulu su zauna ciki. Bulo mai inci 6 ba a yi masa haka, ginshiƙi ma ba a taɓa shi. Ragowar dutsen mabul da masu yanka ke sayarwa da araha yana yin kanta mai kyau da ba ta ruɓewa. Tawul na ajiya da magunguna da turaruka kuwa a fitar da su ɗaki, danshi ba ya barinsu.

Sauran aikin ba wuya. Hitar dafa ruwan wanka ta hau can sama kusa da silin, makunninta a wajen banɗaki, kuma mai aikin wuta ya haɗa mata wayar ƙasa. A ƙara famfo ɗaya a ƙasa cikin wurin wanka, daidai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, wani kuma a kan bakin duro. Taga ta zama mai buɗuwa, da raga. Bakin gilashi a bi shi da silikon, a bar shi kwana guda cur kafin kowa ya shiga wanka.