Mai son zuwa gidan su Helen Keller, ya je a watan Yuni

Jama'a masu zama Amurka ko masu zuwa ziyara, in kuna son ganin Ivy Green, gidan da aka haifi Helen Keller, marubuciya Ba'amurkiya makauniya kuma kurma, a 1880 a garin Tuscumbia na jihar Alabama, ku daidaita tafiyar ta faɗo ranar Juma'a ko Asabar a watan Yuni zuwa farkon Yuli.

Dalili kuwa, a lokacin ne ake yin wasan kwaikwayon rayuwarta da daddare a filin gidan. Ka zaga gidan da rana, ka huta, ka kalli wasan da yamma, kuɗin mota da na otal sau ɗaya kawai.

Gidan ƙarami ne fa, awa ɗaya zuwa biyu ka gama. Kar ka tsaya ɓata lokaci a ɗakuna, ka wuce bayan gida wajen famfon nan, inda malamarta Anne Sullivan ta zuba mata ruwa a hannu ɗaya tana rubuta mata sunan ruwa a ɗaya hannun a 1887, yarinyar da ba ta gani ba ta ji tun tana wata 19, wallahi nan ne jikina ya yi sanyi.

Ka sauka filin jirgin saman birnin Huntsville ka ɗauki hayar mota, Tuscumbia ba wurin jiran bas ba ne.

Amma zafin Alabama a Yuni ba wasa, ga sauro, kuma wasan a waje ake yi, ruwan sama na iya ɓata shi. In da tsoho ko jariri tare da kai, gara ku je da safe a wani watan, ku haƙura da wasan.